Darasin Ƙungiyoyi: Mai Koya Wa Manoma Shi Ma Ɗalibi Ne

'Yan'uwa, darasinmu na wannan wata a kan mutumin da yake tsaye tsakanin takarda da gona ne, watau malamin gona, ko magatakardan ƙungiya, ko yarinyar nan da ta gama sakandare wadda ake miƙa wa kwalbar magani a ce, "Karanta mana." Kowace ƙungiya tana da irin wannan mutum, ko ta naɗa shi ko ba ta naɗa ba. Za mu duba yadda zai koyi aikinsa, da inda zai ƙara ilimi, da abin da zai iya zama nan gaba. Muna roƙon shugabanni su sa a karanta darasin da ƙarfi a taro, in an zo wurin lissafi kuma a tsaya a yi shi a allo.

Bari mu fara da kuskurenmu. A shekararmu ta biyu a wannan aiki, ba mu daɗe da barin aji ba, wata ƙungiya ta sayi maganin ciyawa irin wanda ake fesawa bayan shuka kafin tsiro ya fito. Bayanin da yake jikin galan da Turanci ne, da ƙananan baƙaƙe. Muka zauna da dare muka yi lissafi daidai, muka rubuta takarda da Hausa, aka manna a ƙofar sito. Ga abin da muka rubuta: "A zuba gwangwani biyu a tanki." Mu a zuciyarmu ƙaramin gwangwanin madara muke nufi, da tanki mai cin lita 20, domin su muke da su a ofis. Wani dattijo, mutum mai kula da aikinsa ƙwarai, ya sa jikansa ya karanta masa. Gwangwanin da yake gidansa na tumatir ne, babba. Tankin da ya aro kuma mai lita 15 ne. Da muka auna daga baya, gwangwaninsa ya ci namu sau biyu da rabi. In aka haɗa da ƙarancin ruwan tankin, ƙarfin maganin da ya sauka a gonarsa ya haura ninki uku na abin da ya kamata. Gyaɗar ta fito rawaya, ta tsaya cik, rabinta ta mutu. Irin kuwa bashi ne daga ƙungiya.

Da muka je duba gonar bai yi mana faɗa ba. Ya ɗauko gwangwanin ya ce, "Malam, wannan ba gwangwani ba ne?" Muka ce, "Baba, gwangwani ne." Ya ce, "To, biyu na zuba." Ƙungiya ta ɗaga masa biyan bashin zuwa kaka ta gaba, amma abincin gidansa na shekaran nan ya ragu saboda maganar da ba mu ƙarasa ba. A lokacin takardar shaidar koyarwa tana cikin akwatinmu. Kwalejin horon malamai ta koya mana shirya darasi da yi wa yara tambaya, muna kuwa godiya, amma ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake juya "lita kaza a hekta" ya zama abin da hannun manomi zai iya aunawa.

Batun awo

Yawancin wahalar wannan aiki a wurin awo take. Masana suna rubutu da hekta da kilo da lita. Mu kuwa muna aiki da kunya da mudu da gwangwani. Kalmar "kadada" ma kanta tarko ce, gama wani in ya ce kadada eka yake nufi, wani kuwa hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Hekta ita ce fili mai mita 100 a tsawo da mita 100 a faɗi. Duk takardar da ta ce kadada ba ta faɗi ko wacce ba, a mayar wa mai ita ya gyara. Haka mudu. Wanda ya yi awo a kasuwanni biyu ya sani mudun wani gari ba na wani gari ba ne.

Ga misali na farko. A ce takardar magani ta ce lita 4 a hekta, cikin ruwa lita 200. Mai tanki na lita 20 zai cika sau 10, kowane cikawa mililita 400 na magani. Mai tanki na lita 16 zai zuba 320. Mai na lita 15 zai zuba 300. Ashe takarda ɗaya tana bukatar amsa uku, mai rubutu kuwa sai ya zaga ya ga irin tankunan da suke garin tukuna. Sa'an nan ya sami sirinji babba ko kofin awo, ya auna ruwa ya zuba a gorar roba, ya ja layi da fenti a inda ruwan ya tsaya, ya rubuta a jikinta ko ta wane tanki ce. Wannan gora ita za a rataye a sito kusa da takardar. Kada a ƙara shan ruwa da ita, kada kuma a bar ta inda yara suke. Lita 200 ɗin nan ma ya dangana ga bakin feshi da saurin tafiyar mai feshi, don haka a gwada da ruwa zalla a kan ɗan fili da aka auna kafin a taɓa magani.

Misali na biyu na taki ne. Shawarar da aka saba bayarwa ga masara a ƙasashenmu ita ce buhu 8 na NPK 15-15-15 a hekta, daga baya a bi da yuriya. Buhu 8 kilo 400 ke nan. In tsakanin kunya da kunya santimita 75 ne, tsakanin rami da rami kuma 25, ƙwaya ɗaya a rami, hekta za ta ɗauki ramuka wajen 53,000. A raba kilo 400 a kansu, kowane gindi ya sami giram 7 da rabi. To, wa yake da ma'aunin giram a gona? Masu bincike na ICRISAT da suke Sadore kusa da Yamai sun warware irin wannan matsala ga manoman gero da murfin kwalbar lemo, wanda yake ɗaukar wajen giram 6 na NPK. Da wannan za mu iya ce wa manomin masara, murfi ɗaya da ɗan ƙari a kowane gindi, a binne, kada ya taɓa shukar. Santimita 25 kuwa kada a ce "taƙi ɗaya", gama hannun Baba da na jikansa ba ɗaya ba ne. A yanka kara daidai tsawon, a raba wa kowa.

Wanda ya iya wannan juyi ya riga ya sami rabin sana'ar. Lissafin firamare ne, rabawa da ninkawa, amma sai an zauna an yi ta yi har hannu ya saba.

Batun kalma

Muna kiran abin da likita yake ba mu magani, muna kuma kiran abin da yake kashe ƙwari magani. Wannan ya sa mutane da yawa ba sa jin tsoronsa. A namu ganin, mai rubuta wa ƙungiya ya riƙa sa kalmar "guba" a layin farko, ko da mai kanti ba zai ji daɗi ba. Ya kuma koya wa mutane launin da yake ƙasan takardar kwalba: ja shi ne mafi haɗari, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Wanda bai iya karatu ba yana iya ganin launi. Ya nuna musu lambar rajistar NAFDAC, da ranar lalacewa, da yawan kwanakin da za a jira tsakanin feshi da girbi. Wannan na ƙarshe shi aka fi tsallakewa. A shekarar 1990 ko 2000 wataƙila a ce abin cikin gida ne, amma a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar gubar nan da muke kira fiya-fiya da aka samu a cikinsa. Waken da Turawa suka ƙi, irinsa ne a tukunyarmu.

Mu tuna kuma, a yawancin ƙungiyoyinmu Hausa harshe na biyu ne. A gida ana jin Bajju ko Berom ko Ngas ko Tangale ko Bura. Saboda haka a rubuta da Hausa mai sauƙi, irin ta kasuwa da majami'a, a bar wanda ya iya harshen gari ya sake faɗa da baki. Takarda ɗaya ta ɗauki aiki ɗaya. A jera matakai yadda hannu zai bi su, abin da za a fara shi ne a sama. In akwai gargaɗi a sa shi kafin matakin da yake da haɗari, gama mutum ba ya karanta ƙarshen takarda sai ya gama aiki.

Abin da muka koya daga gonar dattijon nan shi ne gwaji. Kafin a manna kowace takarda, a ba mutum biyu da ba su san zancen ba, mace da namiji, a ba su tanki da ruwa, a ce su yi abin da takarda ta ce. Mai rubutu ya tsaya gefe ya rufe bakinsa. Wannan yana da wuya, bakin malami ba ya son shiru. Amma duk inda suka tsaya suna duban juna, nan ne takarda take da rami.

Masu buhun nan na ajiyar wake mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, sun nuna gwaninta a nan. Masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a arewacin Kamaru ne suka fito da dabarar, aka fara yaɗa ta sosai a 2007. Bayaninta gajere ne: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a busar da wake sarai, a duba leda ba ta huje ba, a matse iska, a ɗaure kowace ɗaya dabam. Ƙwaro ya rasa iska ya mutu, ba a sa guba ko kaɗan. Duk da haka ba su dogara ga takarda ba. Sun cika buhuna a gaban jama'a a dandali, suka bar su a hannun mutanen gari, bayan watanni suka dawo aka kwance a gaban kowa. Gani ya kori ji.

Dalilin da karatun ba ya ƙarewa

Wanda ya gama makarantar gona a 2015 bai taɓa jin labarin tsutsar nan mai cin zuciyar masara ba, gama a farkon 2016 aka fara ganinta a Nijeriya, daga nahiyar Amurka ta fito. A shekaran nan kuma ƙwaron da manoma suka sa wa suna sharon ya cinye tumatir a Kano da Kaduna. A ƙarshen 2019 cibiyar bincike ta Samaru ta fito da wake SAMPEA 20-T wanda tsutsar kwanso ba ta iya masa, amma har yanzu yana bukatar feshi kaɗan saboda sauran ƙwari, kuma in ba a bayyana wannan ba manomi zai ce an ruɗe shi. A 2023 cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna, gidaje da yawa suka rasa amfani da iri gaba ɗaya. Gamalin da iyayenmu suka saba da shi haramtacce ne yanzu. Malamin da yake koyarwa daga littafin da ya rubuta a aji shekara goma da suka wuce, yana iya cutar da mutane da zuciya ɗaya.

Dā akwai tsarin da yake tilasta wa malaman gona sabunta iliminsu. Ayyukan raya noma da aka fara da taimakon Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe a 1975 sun bazu zuwa dukan jihohi, daga baya suka ɗauki tsarin horo da ziyara, inda kowane mako biyu ake tara malamai a koya musu saƙon da za su kai ƙauye. Tsarin yana da aibinsa, saƙo daga sama yake gangarowa, ba a cika sauraron manomi ba. Amma malami ba ya tsufa a kan abin da ya sani. Da kuɗin Bankin ya ƙare a shekarun 1990 horon ya yi rauni a wurare da yawa. Yanzu nauyin ya koma kan mutum da ƙungiyarsa.

Inda za a nema

Mataki na fari ba ya cin kuɗi sosai. Hukumar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, wadda aka ba ta aikin ƙasa duka a 1987, aikinta ke nan, ɗauko sakamakon bincike ta mai da shi ƙananan littattafai da shirye-shiryen rediyo. A nemi littattafanta a karanta sau biyu, sau ɗaya domin abin da aka faɗa, sau ɗaya domin yadda aka faɗe shi. Mai waya zai sami bidiyon aikin gona da Hausa a wurin Access Agriculture. A saurari shirin manoma a rediyo da biro a hannu. A sayi littafin rubutu guda a mai da shi ƙamus na kai: sunan ciyawa ko cuta da Turanci, da Hausa, da harshen gari, da sunan da 'yan kasuwa suke kiranta. Tsofaffi ne malaman wannan darasi, su suka san sunan kowace ciyawa. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, na 2006, ya kamata ya kasance a akwatin ƙungiya.

A kuma karanta Hausa mai kyau. Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun farkonta a 1939, ya bayyana wa mutanen ƙauye yaƙin duniya da sha'anin mulki da kalmomin da suke ji. Hukumar NORLA a Zariya, tsakanin 1954 da 1959, ta buga ƙananan littattafai masu yawa domin waɗanda suka fito daga ajin Yaƙi da Jahilci. Sana'ar da muke magana a kanta tana da kakanni a ƙasan nan.

Mataki na biyu shi ne gajeren kwas da ranar nunin gona. Ma'aikatar gona ta jiha, da cibiyoyi kamar IITA, da ƙungiyoyin taimako sukan shirya su, yawanci da rani. A nan sai mu yi gargaɗi. Akwai masu tara matasa yini ɗaya a ɗakin taro, su karɓi kuɗi, su raba takarda mai zanen zinariya. Kafin a biya a tambaya: za a taɓa tanki ko ƙasa? Wa zai koyar, a ina yake aiki? In ba amsa, kuɗin ya fi amfani a buhun taki.

Mataki na uku shi ne makaranta sosai. Akwai kwalejojin aikin gona na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kabba da Mando ta Kaduna, da kwalejin lafiyar dabbobi ta tarayya a Vom, da kwalejin ƙungiyoyin gama kai ta tarayya a Kaduna, wadda ta dace da magatakarda da ma'aji. Jihohi ma suna da nasu. Ana fara da ƙaramar difloma ta shekara biyu, a yi aiki shekara guda, a koma babbar difloma. A tabbata hukumar NBTE ta amince da kwas ɗin. Abin da yake tare yaranmu da yawa a ƙofa shi ne rashin kiredit a Turanci ko lissafi. Kada a ji kunya, a sake zama jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu. Wanda ba zai iya barin iyali da gona ba yana iya duba jami'ar karatu daga gida, NOUN. Ga malaman gona masu difloma da suka daɗe a aiki kuma, akwai shirin SAFE na ƙungiyar Sasakawa, wanda aka fara a Cape Coast ta Gana a 1993, Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero suka karɓe shi. Abin da muke so a shirin shi ne ɗalibi yakan koma wurin aikinsa ya yi wani aiki tare da manoma, a ba shi maki a kai.

Ina hanyar take kaiwa? Mun ga magatakardan ƙungiya ya zama mai horar da masu feshi. Mun ga wadda ta fara da karanta wa zumuntar mata takardar magani, yau ana kiranta gidan rediyo, ana kuma biyanta ta fassara littattafan horo. Kamfanonin iri da na taki, da ƙungiyoyin taimako, kullum suna neman wanda ya san gona, ya kuma iya rubuta Hausa da Turanci a fili, irinsu kuwa ba su da yawa. Shawararmu ita ce kowa ya ajiye jakar aikinsa: kowace takarda da ya rubuta, da hoton nunin da ya yi, da saƙon murya da ya aika wa manoma ta WhatsApp, da gyaran da ya yi bayan gwaji. Ranar neman aiki kowa zai zo da takardar shaida, mai jaka ne zai sami abin nunawa. Saƙon murya kuwa kada ya wuce minti biyu, a faɗi awo sau biyu, a faɗi kwanan wata, domin saƙon bara yakan dawo yana yawo bana.

Rabon ƙungiya

Mun san abin da dattawa za su ce: "In mun tura yaro karatu da kuɗinmu, birni zai tafi." Gaskiya ne, yakan faru, ba kuwa za mu ce wa matashi mai iyali kada ya ci gaba ba. Abin da ƙungiya za ta yi shi ne ta tura mutum biyu maimakon ɗaya, ɗayansu mace, tun da yake ajiya da sarrafa amfanin gona a hannun mata suke, kuma akwai gidajen da namiji ba zai shiga ya koyar ba. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu: in kwas gajere ne, ya koya wa taro cikin mako biyu da dawowarsa, in difloma ce, ya yi wa ƙungiya aiki damina kaza, ko ya mayar da kuɗin kaɗan kaɗan. Littattafan da ya samo da takardun da ya rubuta a yi kwafinsu a akwatin ƙungiya. Kuɗin kuma a sa shi cikin kasafin shekara tun da kaka, ko mudu ɗaya ne daga kowane mamba, gama in aka jira sai takardar gayyata ta zo, aljihu ya riga ya bushe.

Aiki kafin taro na gaba

Kowace ƙungiya ta kawo kwalba ko galan na magani guda wanda mambobi suka fi saye, wanda ba kome a ciki, an wanke shi sau uku. A ƙidaya tankunan feshi da suke garin, a rubuta lita nawa kowanne yake ci. Mutum biyu su rubuta bayanin maganin da Hausa, kowa nasa, kada ya wuce layi goma. A gwada takardun biyu da ruwa zalla a hannun waɗanda ba su ga rubutun ba, magatakarda ya rubuta duk inda suka yi tuntuɓe. Sa'an nan a tattauna sunayen mutum biyu da za a tura horo da ranin nan, da inda kuɗin zai fito. A aiko mana da takardun yadda suke, har da kurakuran, ta hannun malamin gona na yankinku kafin ƙarshen wata.